Abin da ke ƙarƙashin kafet

"Ƙara taka kuloc ɗin," in ji Kawu. Ya sunkuya gaban buɗaɗɗen bonet yana sauraron injin.

Sista ta taka, ta sa giya ta ɗaya, ta mayar ta biyu. Sandar giyar na shiga sumul. Shekara goma sha huɗu tana aikin jinya tana bin motar haya, yau wata uku ke nan tana neman babbar mota ta hannu, mai kujerun fata, amma mai giyar hannu. Da irinta ta koyi tuƙi, kuma Kawu, wanda ya tsufa a gareji, ya ce ita ce ko ta lalace zai iya buɗewa ya gyara. Irinsu sun yi wuya yanzu. Sai ga mijin ƙanwarta, dillalin motoci da ake kira Ciyaman, ya bugo waya ya ce ya samo.

"Yaya, wani likita ne ya hau ta, daga gida sai asibiti," Ciyaman ya ce, yana shafa rufin motar da hankici. "Ko ruwan sama bai taɓa dukanta ba."

Motar baƙa ce wuluk, tana sheƙi. Abin da ya dami Sista shi ne turaren da aka zabga a ciki, har yana hawa kai. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da hancinta ya sani, irin na ciwon da aka kwana uku ba a canza wa bandeji ba.

"Kawu, zo ka shaƙa nan."

Tsohon ya leƙo, ya ja hanci sau ɗaya. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance gefen kafet ɗin ya ɗaga. Baƙar laka ce damƙam, soson ƙasa ya ruɓe, wayoyi sun yi kore. Ya zagaya ya buɗe but, ya ciro tayar safaya. Ruwa ne kwance a ramin, da mushen ɓera ya kumbura, tsutsotsi na motsi a kansa.

Sista ta ga abubuwa a ɗakin marasa lafiya, amma sai da ta toshe baki da gyale, ta koma gefe tana tofar da yawu.

"Ambaliya ta shanye motar nan har sitiyari," Kawu ya ce. "Bututun birki ya ci tsatsa. Wata rana ki taka a gangara, ƙafarki ta zarce ƙasa."

"Haba Kawu! Sakacin masu wanki ne kawai," in ji Ciyaman.

"Su masu wankin ne suka ɗaure kafet da sababbin kusoshi?"

Ciyaman ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya. Ko kunya babu a fuskarsa.

"Yaya, sana'a ce. Kowace mota ta hannu da abin da ta gani."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Mutumin nan ranar Asabar a falonta ya ci abinci, ya ɗauki 'yarta ya ɗora a cinya, yarinyar da za ta riƙa zama a bayan wannan motar. Ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Sun hau titi a tsohuwar motar Kawu, tana ta goge tafin hannunta da tishu, sai wayarta ta yi ƙara. Ƙanwarta Auta ce.

"Yaya, kin gan ta? Mutum uku ya hana saboda ke!"

Sista ta haɗiye abin da ya taso mata. Cikin Auta wata takwas, ba ta son tayar mata da hankali.

"Giyar ta yi mini tauri, Auta."

"Ayya. To ba komai. Dama ya ce in ba ki ɗauka ba ni zai bar wa, kafin a samu mai saye. Kin ga na huta da motar haya zuwa awo."

Sista ta kashe wayar, ta ajiye a cinya.

"Kawu, juya. Gidan Auta za mu. Ita za mu ɗauko ta gani da idonta."

Tsohon ya dubi madubi, ya sauke giya, ya karya sitiyari.