Ƙafar Bayan Motar Alhaji Hamadu

Ran Talata aka aiko wa Shu'aibu daga garin Maga cewa matarsa Lauratu ta sauka lafiya a gidan iyayenta, an samu mace. Tun daga ranar bai sake rufe baki ba. Akawu ne a wani ofishi a Garwa, mutum mai gaskata takarda fiye da idonsa, amma a makon nan sau biyu yana buga hatimi a kife.

Suna ya kama Talata da sassafe, saboda haka dole a tashi Litinin. A shekarun nan kuma, wajen 1995, ba mai hankalin da zai bar magariba ta riske shi a hanyar Marwa saboda masu tare hanya. In ƙarfe biyu ta yi bai bar gari ba, sai dai ya ji sunan 'yarsa ta fari a bakin mutane.

Rago na nan, goro na nan, mota ma na nan: tsohuwar Fijon mahaifinsa, marigayi Alhaji Hamadu. Matsala ɗaya ce. In ya taka birki, sai bayanta ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse.

Da sanyin safiyar Litinin ya kai ta garejin Jérémie a unguwar Yelwa. Jérémie dattijon bakanike ne, ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Ya ɗaga motar, ya cire tayar baya, ya leƙa.

"Malam Shu'aibu, filaket ɗin birkinka sun cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Ɗauki tsohon nan ka je kasuwa da shi, a ba ka irinsa."

Shu'aibu ya dubi baƙin takalmin birkin, ya dubi farar rigarsa. "Ba sai na ɗauka ba. Ga kat giris, takardar motar, lambarta da shekararta duk suna ciki."

Ya tafi da takardarsa, ya dawo da sababbi fil a kwali mai sheƙi. Jérémie ya gwada, suka ƙi shiga. Ya koma ya canjo na wani kamfani, aka rantse masa cewa waɗannan kam kowace Fijo tana ɗauka. Su kuma suka shiga suna rawa a gurbin. Rana ta take tsaka, zufa ta jiƙe farar rigar, Shu'aibu ya fara surutai.

"To ka goge na farkon da zarto mana, ɗan kaɗan ne ya hana!"

"A'a," in ji Jérémie. "Madubi zan goge maka, ƙofa zan ɗaure maka da waya. Birki kuwa ban taɓa ba. Kana so jaririyar ta ga ubanta ko hotonsa?"

Ana cikin haka sai ga Hajiya Ramatu, mahaifiyar Shu'aibu, a bayan ɗan acaɓa, ta ci ado tun safe ta gaji da jira. Da aka gaya mata abin da ake ciki, sai ta riƙe haɓa, ta yi ta dariya har mayafinta ya zame.

"Inna, abin dariya ne wannan?"

"Auta, ai takardar nan gaban motar kawai ta sani. Kana makaranta a Yawunde babanka ya yi mata lodin busasshen kifi daga Tibati, ta zauna a hanya, ƙafar baya ta karye. Aka ciro ƙafar wata mota daban aka haɗa mata. Kwana uku muka yi a can ina cin kifi har na tsane shi. Ku je wurin Goni mai kayan mota, shi ya samo ƙafar."

Wannan karon Shu'aibu bai jira a ce masa ba. Ya damƙi tsohon filaket ɗin da hannu biyu, ya hau babur.

Rumfar Goni na can ƙuryar kasuwa, cike da ƙarafa har rufi. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya karɓi ƙarfen, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya shafa ƙugiyoyinsa biyu, sai ya ɗaga kai.

"Wannan na motar Hamadu ne. Kai ne ɗan bokon?"

"Ni ne, Baba."

Goni ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wani gwangwanin madara, ya fito da ƙunshi a tsumma. "Zuwansa na ƙarshe biyu ya sa na nemo. Ya ɗauki ɗaya, ya ce in ajiye ɗaya. Ya ce, 'Yaron nan zai zo wata rana bayan ya gama zagaya kasuwa da takarda a hannu. Kada ka yi masa dariya da yawa.'"

Goni dai ya yi dariyar, da yawa kuwa. Shu'aibu ya taya shi, amma ƙwalla ta cika masa ido, don ya ji muryar uban nasa sak a cikin maganar, kuma kewarsa ta kama shi.

Jérémie ya zura su, suka zauna ƙas, ba matsi ba rawa. Ya ɗaura taya, ya zagaya layin sau ɗaya, ya taka birki a gabansu. Motar ta tsaya shiru. Ƙarfe biyu saura minti goma suka ɗauki rago da goro suka kama hanyar Marwa ta Pitoa, Hajiya tana ba da labarin kifin Tibati tun daga farko.

Rana na shirin faɗuwa a kan gonakin shinkafa suka isa Maga. Hajiya ta shige cikin gida ana ta guɗa. Shu'aibu ya gaida surukai a ƙofar gida yana sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kunya ba za ta bar shi ya ce a nuna masa ita ba, ga kuma murna ta hana shi zama. Da ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya je ya tsuguna gindin tayar baya, wai yana duba birki.

Ya daɗe a nan yana taɓa ƙarfen da bai san kansa ba, har ya ji takun mahaifiyarsa a zaure.

"Auta, birkin lafiya yake. Zo ka riƙe min wannan in gyara mayafina."

Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya miƙa, ta ɗora masa ɗan ƙunshin zani mai ɗumi. Mayafin Hajiya kuwa ba abin da ya same shi, amma ta daɗe ƙwarai tana gyara shi.