Sadakar Nea Pamfil

"Rufe littafin nan," na ce wa 'yata Ilinca.

Na same ta a bakin gadon Nea Pamfil, tsohon da ke zaune a hawan da ke ƙasa da namu, littafi buɗe a cinyarta. Zanen ƙwarangwal ne sanye da hular ango, yana zuba wa baƙinsa shayi.

"Dorin, kai ko inuwarka tsoro take ba ka," in ji tsohon yana haki. "Ƙashi ne fa. Kai ma kana da shi, sai dai naka kullum karkarwa yake yi."

Tun yana saurayi yake bin kasuwannin tsofaffin kaya yana tara irin waɗannan littattafai, har ɗakinsa ya koma warin tsohuwar takarda da man zafi. Ilinca kuwa, tun rasuwar mahaifiyarta bara ta daina dariya, abinci ma sai da lallashi. Yarinyar da ta ga kabari na gaske, me za ta yi da na zane? Na hana ta sake saukowa.

"Bayan raina littattafan nan nata ne," ya ce.

"Ba za su shiga gidana ba, Nea Pamfil."

"To, za mu gani."

Ya cika ranar Talata da hantsi. A maƙabarta ƙanwarsa, Tanti Veta, ta tsaya rabon sadakarsa, tana miƙa wa mutane tawul da kyandir ta saman akwatin gawa, kamar yadda al'adarmu take. Sai ta kira sunana, ta miƙo ƙunshi mai nauyi. Ina ganin kusurwoyinsa na gane littattafai ne.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji," ta ce. "Ko so kake ya isa can bai tarar da komai ba?"

Abin da ya tsallako akwatin mamaci ba a mayar da shi. Tsohon ya san haka sarai. Na karɓa, na yi masa addu'a. Sauran littattafan a ƙofarmu na tarar da su cikin kwalaye.

Washegari na dawo daga aiki da niyyar kai su ɗakin ajiya. Na iske Ilinca a kicin, littafi a gabanta.

"Baba, zo ka gani. Matattu ne suke jiran bas. Wannan da ke gyara wa kowa wuyan riga, ai Mama ce."

Ta yi dariya har da tari. Na jawo kujera na zauna ban cire takalmi ba. Ta juya shafi da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗibar dafaffiyar alkamar jana'iza da Tanti Veta ta aiko mana.