Nonon da Falalu Ya Sha

Ina dawowa daga shanya na tarar da ita tsugune gaban bokitin ƙullun kisrata, siririyar wainar dawar da muke ci kullum, hannu biyu a ciki har gwiwar hannu, tana ɗebowa tana kallon yadda yake zuba ta tsakanin yatsunta. Ƙullun da na kwana ina jira ya yi tsami. Rabi ya riga ya malale ƙasa, kaji suna ta wawa.

"Asibi!" na ƙwala kira ta kan katanga. "Hito ki ɗauki jarabarki kahin in karya ta!"

Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba. Abrar ke nan, jikar maƙwabciyata Asibi, ɗiyar ɗanta Falalu. Shekararta tara, ba ta taɓa cewa uffan ba, ba ta kallon idon mutum, in ka kira sunanta kamar ka kira garu. Amma da na sake yin ihu sai ta cire hannuwa daga ƙullu ta toshe kunnuwa, ta shiga rangaji gaba da baya, ƙullu na bin wuyanta.

Asibi ta shigo tana dafa bango. Tun girbin dawa ciwon ƙoda ya kayar da ita, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ta ba ni haƙuri ba. Asibi ba ta san wannan kalma ba. Ta ɗebi ruwa a randata da modata, ta durƙusa da ƙyar gaban yarinyar, tana tsiyaya shi kaɗan-kaɗan a ƙasa har Abrar ta buɗe ido ta bi ruwan da kallo, ta miƙe.

"Ki bar yi mata ihu, Ma'u. Ihu wuƙa ne ga kunnenta."

"Ni kuma yunwa zuma ce ga cikina ko? Mi za mu ci yau?"

"Ki aiko a ɗebi namu."

"Allah ya kiyashe ni da kisrar gidanku. Ɗaure ta ya kamata a yi, na faɗa na ƙara."

Ta dube ni, ta ja yarinyar suka fita. Wannan ne ganina na ƙarshe da ita a tsaye.

Shekara arba'in muna raba katanga ɗaya da matar nan a ƙauyenmu, kudu da Wad Haddad, kuma ban ɓoye wa kowa ba, jininmu bai haɗu ba. Tare muka yi tsinkar auduga a gonakin mutane muna amare, tun lokacin take da bakin nan mai kaifi. Abrar ce ta ƙarasa ɓata abin. Randa biyu ta fasa min. Sau uku ana tsamo ta daga tur'a, babban magudanar ruwan gonaki, don in ta ga ruwa ba ta san zurfi ba. Da Falalu ya kai ta masidin wani shehi a hayin kogi, inda ake tsare masu taɓin aljanu, ina cikin waɗanda suka ce madalla. Can mari ake sa musu a ƙafa, a hana su nama da madara, a bar su da busasshiyar kisra da rubutu, in sun yi gardama a taɓa su da bulala. Kwana goma sha tara Abrar ta yi a can, Asibi ta haye kogi ita kaɗai, ta zauna ƙofar masidin ta ƙi ci ta ƙi sha har suka kwance mata jika.

Daga can ba gida ta yo ba, motar birnin Madani ta hau da yarinyar. Wata likita ta ce da ita abin sunansa tawahhud, haka aka haifi yarinyar, ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, kuma duka ƙara shi yake. Shi ke nan, ƙauye ya shiga uku. Asibi ta addabi shugaban makaranta sai ya ba jikarta kujera ko da ta awa ɗaya ce. Ta bi gida-gida tana ce wa mata su fito da yaran da suke kullewa a ɗaki, su kawo su rumfarta da hantsi a koya musu cin abinci da hannunsu da neman bayan gida. Uku suka kawo. Sauran suka ce tsohuwa ta tashi tona asirin gidajen mutane, wa zai nemi aure gidan da aka san da irin wannan? Ni kaina ban tsira ba: a wurin suna, gaban jama'a, ta ce wa ɗiyata ta kai yaronta Madani don ya yi jinkirin baki. Shekara guda ban amsa sallamarta ba. Yaron ya yi magana daga baya, da in'ina, amma ban yafe ba.

Kwana huɗu bayan ɓarnar ƙullu, da la'asar, Ibtisam matar Falalu ta leƙo da goyo a baya. "Inna Ma'u, Hajiya na kiranki."

"Ni? Ko dai kunnenki ne?"

Na tafi don kar a ce. Tana kwance kan angarib, gadon igiya, ɗakin na warin turare da magani. Abrar na ƙarƙashin gadon tana jera ƙwallon dabino a layi. Asibi ta kori Ibtisam da ido.

"Tahiya zan yi, Ma'u."

"Kowa ma tahiya zai yi."

"Bar wannan. Na ji su da Audi suna magana bayan ɗaki. Ranar da aka naɗe tabarmar makokina, ranar za su mai da ita masid."

Audi ƙanen mijinta marigayi ne, shi ne babba a gidan yanzu. Na ce, "To ki kira ɗanki ki hana shi. Ina ruwan biri da gada?"

"Ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa faɗi ba, kin sani. Shekara arba'in ina kauda kai in ya shigo, yau zan buɗe baki in tsine masa? Ba zai hito ba. Na gwada." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma ke kin ba shi nono."

Gaskiya ne, har na manta. Shekarar da ta haife shi nononta ya kumbura ya yi ruwa, ni kuma ina goyon ɗiyata ta fari. Wata huɗu ina shayar da su tare a bakin gonar auduga, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba don ina son ta ba, don kukansa ya hana ni sakat.

"Ke uwarsa ce, kuma babu kunya tsakaninku. Bakinki kuwa kowa ya san shi."

"Au, yau bakina ya yi rana? Yarinyar da ta ƙarar min da randuna? Ban ɗauka ba, Asibi. Kar ki ɗora min abin da ba zan iya ba."

"Ban ce ki so ta ba."

"Na ce ban ɗauka ba."

Ta juya fuska bango. Na fito ina huci, ina cewa a raina ko a bakin kabari matar nan sai ta san yadda ta ɓata wa mutum rai. Washegari da hantsi, ina wankin kwanoni, na ji Ibtisam ta fasa kuka.

Kwana uku na makoki Abrar ta mai da gidan kasuwa. Kukan mata ya sa ta kururuwa tana buga kai da bango. Ta kifar da tiren shayi a kan baƙin da suka zo daga Suki. Da aka fitar da gawa ta kwanta kan angarib ɗin ta ƙi tashi, sai da maza biyu suka ciccibe ta. Mata na rufe baki da mayafi suna cewa, "Ita ta ƙarasa tsohuwar." Wata ta ce, "Yanzu dai a huta." Ibtisam na wanke kofuna tana ji, idanunta duk sun faɗa, yara biyu ƙanana na jan zanenta. Ban tanka wa kowa ba, kuma ban ƙaryata kowa ba.

Rana ta uku, bayan azahar, aka yi addu'a aka naɗe tabarmi. Ko baƙi ba su gama watsewa ba sai ga raksha, babur mai ƙafa uku, ta tsaya ƙofar gida. Ina tsaye bakin ƙofata da ƙoƙon wanki, na ce bari in ga yadda za su kama Abrar, don na san sai an sha dambe.

Falalu ya fito da ita tana fizge-fizge, Audi na biye da sandarsa. Sai Audi ya zaro igiyar ɗaure akuya daga aljihun jallabiyarsa don kar yarinyar ta dira a hanya. Tana ganin igiyar ta daina motsi. Yarinyar da ba ta taɓa jin maganar kowa ba ta zauna a ƙasa, ta miƙa masa ƙafarta ta hagu, ta rufe ido. Tabon marin farko na nan zagaye da idon sawunta, fari fat.

Ban san lokacin da ƙoƙon ya faɗi ba.

"Falalu! Sake ta."

"Inna Ma'u, ma'alesh, ki yi haƙuri, maganar gida ce."

"Gidan uban wa? Na ce sake ta."

Audi ya nuna ni da sanda. "Ke, Ma'u, ba ke ce kullum ke cewa a ɗaure ta ba? Shiga gida, wannan ba hurumin mata ba ne."

"Ni na faɗa, kuma ni na janye. Baki nawa ne." Na tako tsakiyar titi, na yar da mayafi, na sa hannu a wuyan rigata. Mata suka ɗauki salati. Mai raksha ya kau da kai. "Falalu, dube ni. Wata huɗu ka sha wannan, tambayi Audi in ƙarya nike. Wallahi tallahi ka sa ɗiyar nan cikin rakshar nan, sai na ɗaga maka shi gaban jama'a. Ban yafe maka ɗigo guda ba, duniya da lahira. Ka noma kar ka girba."

"Inna, ki ji tsoron Allah!"

"Kai ka ji. Uwarka ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

Babu ɗan da ke son a ɗaga masa nono, ko da ba ya salla. Falalu ya kauda ido daga kaina. Ya dubi Audi, Audi ya tofar da yawu ya ce, "Tsohuwa ta mutu ta bar mana wata." Falalu ya saki hannun yarinyar, idonsa ja.

"Kin san mi muke sha? Kin taɓa tsamo ɗanki daga tur'a yana aman ruwa? Ina gona, Ibtisam na da goyo, wa zai tsare ta? Tayyib, shi ke nan, tunda ke ce uwa, ga ki ga ta. Ranar da ruwa ya ci ta, a wuyanki."

"Na ji. Ku ɓace min da gani."

Raksha ta juya babu kowa ciki. Mutane suka watse suna gunaguni, na ji wata na cewa tsufa ya fara taɓa ni. Ibtisam ce kawai ta miƙo min ƙullin kayan yarinyar ta kan katanga, ba ta iya kallona ba. Ta ce, "Ba ta cin abu mai zafi, sai ya huce. Kuma matan rumfa sun tambaya ko gobe su zo." Na ce su zo mana, tunda an mai da ni baiwar gari.

Na kulle ƙofa, na janye randa zuwa ɗaki, na zauna kan kujera ina zagin Asibi a fili, don ta cuce ni kuma ta tafi inda ba zan rama ba. Sai hawaye, abin haushi. Ban san ina kewar muryar matar nan ba sai da katanga ta yi shiru.

Abrar na tsaye tsakar gida tun da muka shigo, ta ƙi zama, ta ƙi kallon abincin da na ajiye. Na ɗora ruwan shayi a kan gawayi na ƙyale ta. Can sai ta tako, ba ta dube ni ba, ta kama wuyan hannuna kamar mai ɗaukar ludayi, ta ɗora tafina a bayan wuyanta, ta danna da ƙarfi. Ta zauna a ƙasa jikin gwiwata. Da na motsa sai ta mai da hannun wurin.

Hannun nawa na warin albasa. Na bar shi a nan, ina kallon butar shayi tana tafasa har ruwan ya ƙone.