Tabo a Farar Rigar Kawu

Ƙarfe goma na safe ne, hadari ya taru ya yi baƙi amma ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak. Irin zafin nan ne mai sa riga ta manne a gadon baya. Tela na biye da kawunsa a gefen wani babban fili mai cike da tantabaru, ba ya taku goma bai dubi agogo ba. Jirginsu na komawa gida ƙarfe biyar zai tashi, an kuma ce su isa filin jirgi tun ƙarfe biyu.

Kwanansu tara a ƙasar. Idon Kawu aka zo yi wa aiki, aka haɗo Tela rakiya don shi ne mai haƙurin gidan. Aiki kuwa ya yi kyau. Kawu na ganin komai tar, shi ya sa ya rantse ba zai tafi ba sai ya ga gari.

"Kawu, mu juya haka nan."

"Kai dai ka cika azarɓaɓi. Shekara uku ina ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, yau ka ce in juya? Dubi wancan benen, har tagogin sama nake gani."

Farar rigar da ke jikin Kawu ɗinkin Tela ce, kwana huɗu ya yi a kanta. Ya yi mata aljihun ɓoye ta ciki, daidai ƙirji. Ya kuma ɗinka 'yar jaka da ragowar wani koren yadi, ya bi bakinta da jan zare, ya sa fasfon Kawu da sauran guzurinsu a ciki. Tun daga gida yake alfahari da aljihun nan.

Suna wucewa ƙarƙashin wata baranda sai wani abu ya zubo, faca, tun daga kafaɗar Kawu har ƙugu. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kauri da ɗoyi. Kafin su ɗaga kai wani mutum mai tsabta, da tabarau da jakar hannu, ya iso yana nuna tantabaru yana girgiza kai cikin tausayi. Wata mata ta biyo shi da takardar goge hannu, ta hau dirzar rigar.

Nan hankalin Tela ya tashi. Bai san yarensu ba, amma ya san yadi. Farin yadi in aka dirje shi da ɗanyen tabo, an gama da shi har abada.

"A'a, a'a! Ba a gogewa!" Ya riƙe hannun matar. "Kawu, tuɓe. Ruwa za a zuba ta baya, yanzu-yanzu, kafin ya kama."

"A tsakiyar titi, ɗan nan? Ni sa'anka ne?"

"Ai da 'yar ciki a jikinka. Yi sauri don Allah."

Kawu ya tuɓe yana mita. Mai tabarau ya miƙo hannu biyu da ladabi, Tela ya ɗora masa rigar ya ruga wajen wani famfo da ke tsakiyar filin, ya ciko gorarsa. Da ya dawo, rigar na ninke tsaf a kan benci, Kawu na tsaye yana kallon wata hasumiya.

"Ina mutanen?"

"Sun tafi. Mutanen kirki, har hannu ya ba ni."

Tela ya juya rigar don ya zuba ruwa ta baya. Hannunsa ya taɓa aljihun. Fayau. Ya sake tura hannu har ƙasa, ya kakkaɓe rigar, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin benci. Sai a lokacin ya shinshina tabon da kyau. Wannan ba kashin tsuntsu ba ne, wani abu ne aka dama aka watso.

"Kawu, fasfo."

Kawu ya dube shi da sabon idonsa, kallon da Tela ya gwammace a ce bai gani ba.

"Aljihun naka da ka ce ko aljani ba zai gano ba?"

"In riga na jiki nake nufi."

"To wa ya tuɓe ta?"

Tela ya hau lissafi. In babu fasfo babu jirgi, ɗakin masauki sun riga sun sallama, ga maganin ɗigawa a idon Kawu saura na kwana biyu. Ya ruga ta nan, ya dawo ya ruga ta can. Duk mai tabarau sai ya sha gabansa ya leƙa fuskarsa. Ya tsayar da mutum huɗu yana zana siffar fasfo a tafin hannu, kowa ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Agogo ya ce sha ɗaya da rabi.

Wani tsoho mai sayar da jarida a wata 'yar rumfa ne ya yafito shi. Da alama ya sha ganin irin wannan. Ya murza yatsu biyu ya tura cikin aljihunsa, sannan ya ɗauki wani ɗan littafi ya yi kamar ya jefa a kwandon shara. Tela ya gane: kuɗin suke so, littafin yarwa suke yi.

Suka hau bin kwanduna. Tela na tona, Kawu ya mayar da rigarsa mai tabo yana biye, bakinsa bai huta ba.

"Na zo ganin gari, ga ni ina ganin bola. Da ka bar matar nan ta goge, da yanzu muna shan shayi."

"Kawu, duba wancan na bayanka."

"Ni? Da idon da aka gama yi wa aiki?"

Amma ya duba. Kwando bakwai, babu komai sai ɓawon lemo da kofunan roba. Na takwas da na tara an riga an kwashe su. Sha biyu ta wuce, ɗaya saura kwata. Aka fara yayyafi. Tela ya tsaya a bakin wani lungu yana tunanin abin da zai faɗa wa 'yar Kawu a waya.

Can ƙarshen lungun ya hango amalanken shara, da wani ɗan abu kore yana lilo a hannun amalanken. Daga nesa ba a ganin komai sai kalar. Amma Tela ya san koren nan, shi ya yanka shi. Da ya matsa ya ga jan zaren, har da inda allura ta yi masa tsalle ya koma ya bi.

Mai sharar wata dattijuwa ce gajeruwa. Ta ɗaure jakar a inda mai ita zai gani. Ta kunce, ta buɗe fasfon, ta dubi hoto ta dubi Kawu, ta sake duban hoto. Sannan ta miƙa masa. Guzuri dai ya tafi. Kafin Kawu ya gama jero addu'a ta ɗauki buhunta ta nufi kwandon gaba.

"Maza nemo mota," in ji Kawu, ya cusa fasfon cikin 'yar cikinsa. Bai jira ba ya fita titi da kansa yana ɗaga hannu.

Rigar ruwan dattijuwar na rataye a jikin amalanken. Aljihunta ya ɓalle ta gefe guda, an kama shi da waya. Tela ya dubi agogo. Ya zare allurar da ke soke a cikin hularsa, da zarenta a jiki, ya cire wayar, ya durƙusa.

"Kai Tela! Ga mota! Me kake yi a nan kuma?"

"Ina zuwa, Kawu."

Ya bi bakin aljihun sau biyu, ya ƙulle, ya gatse zaren. Ya mayar da rigar yadda ya same ta. Dattijuwar na can ta ba shi baya tana juye kwando, shi kuwa ya ruga cikin yayyafi.