Masu Toshe Ruwa

Barci ya sace Barau a gindin tsamiya bayan azahar, zuciyarsa na tafasa. Gwamnati za ta haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana don noman rani, kuma duk faɗin fadamar garin aka rasa inda za a sa ta sai gonar Jatau, ƙaninsa ɗan uba. Kowa zai ja ruwa, amma sunan Jatau za a riƙa kira. Wannan ne ya hana Barau cin tuwo.

Ya riga ya shirya. In jami'ai sun zo duba fili da la'asar, zai ce gado ne ba a raba ba. Ya san halinsu, da sun ji rikici sai su kai aikin wani gari.

A mafarki ya ga wani dattijo mai farin rawani ya kama hannunsa, ya shigar da shi birni mai ƙofar ƙarfe. Suka tarar da wani ƙato durƙushe yana tsotsar busasshen famfo.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ɗan kwangila ne. Ya haƙa rabin rijiya, ya ce ta kai ruwa."

Gaba kuma wani mai babbar riga na ɗauke da buhunan taki, suna narkewa suna cin fatar bayansa. Kansila ne, in ji dattijon, wanda ya karkatar da takin manoma. Ga wani shugaba can yana tafiya cikin laka har gwiwa, a hanyar da ya yi bikin buɗewa bai gina ba. Barau dai har da gyaɗa kai, don hukuncin wani akwai daɗin kallo.

"Baba, ina wurin Jatau?"

Dattijon ya kai shi bakin wata magudanar ruwa. Mutane ne jere a ciki kafaɗa da kafaɗa, sun tare ruwa da ƙirjinsu, leɓunansu sun tsage don ƙishi. Bayansu gonaki sun ƙone ƙurmus, har da nasu.

"Wa ya ɗaure su a nan?"

"Babu wanda ya ɗaure su. Ƙofa a buɗe take. Amma duk wanda ya sunkuya ya sha, ruwa zai wuce ta kansa zuwa gonar maƙwabcinsa. Sun zaɓi ƙishi."

Sai Barau ya hango giɓi a tsakiyar layin, ruwa na zurara ta nan. Mutanen suka juyo gaba ɗaya.

"Barau, yi sauri! Gonar Jatau zai tafi!"

Babu wanda ya tura shi. Da ƙafarsa ya shiga, yana sauri, har yana jin daɗi. Ruwa ya kai masa ƙirji, maƙogwaronsa ya bushe, ya duba kuma ya ga ba ya son fita.

Ya farka a firgice yana salati, jiƙe da gumi. Ga motar jami'ai ta tsaya a fadama, jama'a sun taru. Ya ƙarasa wurin. Jatau na tsaye da sabuwar hula yana washe baki, abin ya soki Barau kamar ƙaya. Hassadar tana nan, ko kaɗan mafarki bai kashe ta ba.

Babban jami'in ya ɗaga murya: "Akwai mai ja a kan filin nan?"

Idanu suka koma kan Barau, don kowa ya san tsakaninsu. Ya matso gaba.

"Babu, ranka ya daɗe," in ji shi. "Gonar ƙanina ce. Ku haƙa."