Kumburin Marar Zuwaira

A shekarar da Nasara suka kafa turakun iyaka tsakanin Illela da Ƙwanni, Zuwaira matar Dabo mai fataucin kanwa ta haifi ɗanta na uku bayan doguwar naƙuda. Dabo na can ƙetare, ayarinsu bai samu hanyar dawowa ba. Yaro ya fito da kukansa, mabiyiya ta faɗo, mata suka rangaɗa guɗa. Amma tun daga nan fitsari ya ƙi Zuwaira.

Washegari da hantsi mararta ta tashi kamar an kifa ƙoƙo. Ta tsuguna a makewayi har ƙafafunta suka mutu, ko ɗigo babu. Ta shafa wurin, ta ji shi da tauri. Haka cikin yayarta Ramatu ya kumbura bayan haihuwa, ba ta ga ranar suna ba.

"Inna, ko wani ɗan ne ya mutu ciki?" ta tambayi uwar mijinta.

Inna Saudatu ta miƙe. Ta fita, ba da jimawa ba ta dawo da Maccido wanzami. Ya tsaya bakin ƙofa, ya saurari bayani, ya ce, "Gishiri ne ya toshe hanya. A yanke shi, ta samu sauƙi." Ya buɗe zabira, ya fara wasa aska a tafin hannunsa.

Zuwaira ta san matar da aka yi wa wannan yankan a Amarawa. Tun daga ranar fitsari ke zubo mata ba tsayawa, har ta daina shiga mutane. Ta ja jiki ta manne da bango, ta matse cinyoyinta, gumi na keto mata. Mata biyu suka matso za su riƙe ta, sai ta ɗaga murya.

"Don Allah ku jira Gwaggo Tasalla! An tafi kiranta!"

Tasalla ƙanwar mahaifinta ce, ungozoma a Araba. Inna Saudatu ta dubi rana, ta ce a jira zuwa azahar, ba ƙari. Zuwaira ta kwanta tana jin ƙarar askar, ciwon yana hawa har ƙugunta. Jaririn ya yi kuka, ta kasa ɗaukarsa.

Ladan na gyaran murya Tasalla ta sauko daga jaki. Ta wanke hannu, ta danna cikin a hankali.

"Mi kika ji nan?"

"Zafi, Gwaggo. Mutuwa zan yi?"

"Kawo hannunki." Ta aza yatsun Zuwaira a kan wani dunƙule. "Wanga mahaifa ce, ta haɗe jikinta, babu kowa ciki. Wanga kuma da ya taso gabanta mafitsara ce. Maƙwabta ne, bango ɗaya gare su, amma kowace da ƙofarta. Kan yaro ya daɗe yana danne mafitsarar, shi ya sa ta sume. In aska ta huda bangon nan, ba mai ɗinke shi."

Maccido ya ɗaure fuska, amma bai tafi ba. Ya zauna a zaure yana jira.

Tasalla ta sa aka cika kwatarniya da ruwan ɗumi da ganyen sabara, ta zaunar da Zuwaira ciki, ta kori kowa. Ta ɗauki buta tana tsiyaya ruwa cikin ƙwarya sannu a hankali, tana shafa mata mara. Ba abin da ya faru. Ruwan ya huce, aka sake wani. Zuwaira ta ga Gwaggonta na motsa leɓe da addu'a, ta gane ita ma tsoro take ji.

Can sai wani raɗaɗi ya tsaga ta kamar an zuba barkono. Ɗigon fitsari ya fito, wani ya bi shi, sannan abin ya ɓalle. Ta ƙanƙame wuyan Tasalla tana kuka.

Tasalla ta zauna Illela har aka gama wankan jego, don da farko sai an yi dabarar butar kafin fitsarin ya zo. Yaron ya ci sunan Attahiru.