Kwana Tara na Malam a Gidan Jan Gemu

Mijina malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Shekara talatin yana nuna wa yara koguna da duwatsun duniya da tsinin sanda, shi kuwa ko matakalar jirgin sama bai taɓa takawa ba. Ni ɗakin wanki na asibiti nake aiki, inda zanen gado ke zuwa mana buhu-buhu da safe, ya koma a goge da yamma. 'Yarmu ɗaya ce ta rage a gida, Auta, tana karatun haɗa magunguna.

Wata rana Malam ya dawo da labari. Wai akwai wani shafi a intanet inda matafiya daga ƙasashen waje ke neman gidan da za su sauka kyauta. Kai ka saukar da su yau, gobe in ka je ƙasarsu su saukar da kai.

Na ce, "Malam, kai da wace tafiyar?"

Ya ce, "Maman Auta, in ban je duniya ba, ai sai duniya ta zo ta same ni a falo."

Gidan namu hawa na uku ne, ɗaki biyu da falo, da banɗaki ɗaya mai famfon da sai ya yi tari sau uku kafin ya kawo ruwa. A falo aka ce baƙi za su riƙa kwana. Baƙon farko da ya zo, Malam ya dubi kujerar, ya dubi tsawon mutumin, ya ce abin kunya ne. Tun daga ranar ɗakin Auta ya zama na baƙi, ita kuma ta koma kujerar da littattafanta a kwali.

Cikin shekara huɗu mun sauki mutum talatin da ɗaya. Akwai wanda ya wanke safarsa a robar da nake wanke shinkafa. Akwai wadda ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara, Auta ta ce duk abin da ke da uwa ba ta taɓa shi. Wasu 'yan mata biyu suka kama hannuwana suna ta ɗaukar hoto, wai tsagewar da sabulu ya yi musu tana da kyau. Ni ba na jin Turanci sosai, Malam ke fassara mini, kuma na lura abin da yake fassarawa kullum ya fi abin da aka faɗa daɗi.

Sai Jan Gemu ya zo. Auta ce ta raɗa masa sunan. Dogo ne siriri, da jaka a baya kamar zai yi hijira. Kwana uku ya ce zai yi. A rana ta biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, irin wanda mutum ke rawar ɗari har gado na ƙara. Na ɗauki hutun da nake tarawa don zuwa ganin yayata, na zauna jinyarsa. Amansa da gudawarsa ni na kwashe. Sau uku a rana nake canja zanen gado. Na riƙe masa kai ina ba shi romo da cokali, yana ce mini Mama, ita kaɗai ce kalmarmu da bakinsa ya iya kamawa daidai.

Kwana goma sha tara ya yi. Ranar tafiyarsa ya rungume Malam a bakin matakala yana kuka da majina. Ya karɓi littafin Malam ya rubuta adireshinsa da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa.

Na ce, "Me yake cewa?"

Malam ya ce, "Wai gidansa gidanmu ne. Wai in ban zo ba, bai yafe ba."

Wannan karon ban yi zaton Malam ya ƙara gishiri ba. Na ga hawayen da idona.

Bayan shekara biyu Malam ya yi ritaya. Abin da ya fara yi da kuɗin sallamarsa shi ne tikiti. Wata bakwai yana jeka-ka-dawo kan biza. Da ta fito ya rubuta wa Jan Gemu, amsa ta zo a ranar: madalla, ka zo, ina ɗokin ganinka. Na goge masa riguna shida, na sa masa kwalbar zuma da wata rigar da na saya wa Jan Gemu, da 'yan takalman jariri, don mun ji ya yi aure har an haihu.

Kwana tara ya yi ya dawo. Ya ɗan rame, ya ce sanyi ne. Da yamma ya sauka ƙasa wurin bencin Mai Kanti, inda mazan gidan ke taruwa, ina jiyo muryarsa ta taga. Ɗaki guda aka ware masa. Matar gidan da kanta take kawo masa shayi. Ya nuna musu hoto biyu a waya: ɗaya shi da Jan Gemu a gaban tebur, an aske gemun tas, ɗaya kuma shi kaɗai a gaban wani gida mai koriyar ƙofa.

Mai Kanti ya ce, "Malam, ashe dai ba a banza Hajiya ta yi ta dafe-dafe ba."

Auta ta fi kowa murna. Ta ce, "Mama, na yafe ciwon bayan da kujerar nan ta sa mini."

Washegari na buɗe akwatin don in yi wanki. Rigar farko da na ɗaga, na tsaya. Warin sabulun wanke hannu take yi, irin na ruwa da ake sa wa a banɗakin jama'a. Ta bushe ƙandas, ba a ɗauraye ta sosai ba, kuma a kafaɗarta akwai layin tsatsa, alamar a kan ƙarfe aka shanya ta. Rigar barcinsa kuwa duk ɗigo-ɗigon jini ne ƙanana a wuya da hannu. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, na san aikin kuɗin cizo ko daga nesa.

Na bari Auta ta tafi makaranta. Malam na shan shayi a falo, na ajiye rigar barcin kusa da kofinsa.

"Malam, gidan mai koriyar ƙofa, kuɗin cizo gare su?"

Ya dubi rigar, ya dube ni. Ya ce, "Wataƙila a jirgi ne."

"Da rigar barci ka shiga jirgin?"

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana murza gwiwarsa ta hagu, wadda ke damunsa. Sannan ya fara magana, idonsa a kan tebur.

Ba wanda ya zo tarbarsa a filin jirgi. Ya tsaya awa biyu da akwati, yana duban fuskar duk wani dogo. Ya kira, ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo: aiki ya yi yawa, ka samu wuri ka huta, za mu haɗu. Wani direban bas ya nuna masa masauki mai araha kusa da tashar jirgin ƙasa. Gado takwas a ɗaki ɗaya, wani kan wani. Na sama ya samu. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, da wannan gwiwar, yana hawa tsani kamar ɗan makarantar kwana.

Sai a rana ta uku suka haɗu, a wani shagon shayi. Jan Gemu ya rungume shi, ya tambayi Mama, ya tambayi Auta, ya yi dariya da ya tuna famfonmu. Ya karɓi zuma da riga da takalman, ya ce ba zai taɓa mantawa ba. Sannan ya ce akwai 'yar matsala. Matarsa ba ta sakin jiki da mutumin da ba ta sani ba a cikin gida, ga jariri, ga gidan ba shi da girma.

"Mutumin da ba ta sani ba," in ji Malam. "Haka ya ce. Ya ce ya san zan fahimta."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce na fahimta."

Minti arba'in suka yi. Jan Gemu ya ba mai shagon wayar Malam ya ɗauke su hoto, ya duba agogo, ya ce za a rufe wurin renon yara. Ya ce zai kira kafin Malam ya tafi.

Malam ya koma masauki ya buɗe shafin nan. A ƙarƙashin sunansa akwai yabo talatin da ɗaya, kowane baƙo ya rubuta nasa. Ya aika wa mutum ashirin da shida a garin. Biyu suka amsa da a'a. Ɗaya ya ce ya turo hoton fasfo da tikitin komawa, don ya tabbata ba zama ya zo yi ba. Ya tura. Shiru.

Na ce, "To gidan da ke hoton fa?"

"Gidansa ne. Na bi adireshin. Ban ƙwanƙwasa ba. Wata tsohuwa da ke wucewa na roƙa ta ɗauke ni." Ya ƙara da cewa, "Labulen falon a buɗe yake. Akwai wata doguwar kujera, ta fi tamu sau biyu. Kare na kwance a kai."

Sauran kwanakin a kan bencin wani lambu ya yi su, da biredi da kifin gwangwani. Ya je ya ga kogin da ya shekara talatin yana zana wa yara a allo. Ya ce ruwa ne kawai, ruwan toka-toka, da gwangwanaye a gefe.

Na ce ya ba ni wayar, in sa Auta ta rubuta wa mutumin nan abin da zai hana shi barci, in tuna masa wanda ya kwashe masa kashi.

Ya riƙe hannuna. "Don Allah, Maman Auta. Kada yarinyar nan ta ji. Shekara huɗu na kwantar da ita a falo."

Na jiƙa kayan da ruwan zafi, na fitar da akwatin rana. Da yamma ya sake sauka wurin Mai Kanti, na ji an ƙara wa gidan lambu da itacen tuffa.

Bayan wata ɗaya Auta ta shigo kicin da waya a hannu, fuskarta fal fara'a. Ita ke duba wa babanta shafin tun da idonsa ya fara rauni.

"Mama, ƙanwar Jan Gemu za ta zo da ƙawarta, kwana huɗu. Ya ce ya gaya musu duk duniya babu kamarmu. Na riga na amsa. Bayan abin da ya yi wa Baba, ai ko wata za su yi sai mu riƙe su."

Na leƙa falo. Malam ya ɗaga jarida ya rufe fuskarsa.

Da kanta ta share ɗakin, ta kwashe littattafanta, ta sayo sabon labule da kuɗin abincinta na makaranta. Ranar Asabar da rana Malam ya je tasha ya ɗauko su. Yara ne masu fara'a, ba ruwansu. Na dafa kaza biyu. Muna cikin ci, ƙanwar ta juya ga Malam ta yi wata doguwar magana tana murmushi, hannunta a ƙirji. Cokalin Auta ya tsaya a hanya.

Na ce, "Malam, me ta ce?"

Bai fassara ba. Karo na farko ke nan a shekara shida.

Auta ce ta amsa, ba ta dube ni ba, babanta take kallo. "Ta ce yayanta ya ce a ba Baba haƙuri. Wai har yanzu abin na damunsa, da bai samu ya shigar da shi ko cikin gida ba. Wai yana fata masaukin tasha bai yi muni sosai ba."

Ƙawar ta tambayi ko akwai sauran miya. Malam ya miƙa mata kwanon da hannu biyu, ya ce mata ta ƙara nama.

Sun yi kwana huɗunsu cif. Auta ba ta ce musu komai ba, ba ta kuma ce wa babanta komai ba, kuma wannan ya fi masa ciwo da a ce ta yi faɗa. Ranar da suka tafi ta zauna a gabansa ta goge shafin, da yabon da komai, ta ajiye masa wayar a cinya. Bai hana ta ba.

Matar Mai Kanti na wanke matakala ranar da ƙanwar ke ba wani ɗan haya labarin, kuma ɗan hayar yana jin Turanci, ya fassara mata, zancen ya zagaye gidan. Ba wanda ya tari Malam da zancen. Sai dai in ya doso bencin, hira takan canja zuwa tsadar mai. Sati biyu ya jure, daga nan ya daina sauka.

Yanzu da yamma yana zama a gida ya taya ni tsince shinkafa. Jiya tsohon shugaban makarantarsu ya kira, wai yara na son ya zo ya ba su labarin tafiyarsa. Malam ya ce gwiwa ta matsa masa, a nemi wani.